Kira ga Hausawan Legas kan laburaren gwamnati da shirye-shiryen dogon hutu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da 'yan uwanmu Hausawa mazauna Legas, musamman na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago, a kan ɗakunan karatu na gwamnati, wato laburare, da abin da za a iya yi a cikinsu a dogon hutun da ke tafe.

Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba makarantun boko a rufe suke, kuma a lokacin ne laburare ya fi samun yara da shirye-shiryen yara. Namu yaran kuwa ɗaiɗai ake gani a wurin, alhali babu wanda ya hana su shiga. Sanarwar da Turanci ake rubuta ta, a manna a ƙofar laburaren, inda ba mai ganinta sai wanda dama yake zuwa. Lokacin da ake sawa yakan ci karo da Islamiyya. Idan yaro ya daure ya shiga, da wuya ya ga littafi ɗaya da harshen da ake yi masa magana a gida. Sannan mu ma ba mu cika zuwa mu nema ba.

Wurin yana nan kusa. Hukumar laburare ta jihar Legas tana da rassa a unguwanni da dama, daga ciki akwai na Henry Carr a Agege, da na Herbert Macaulay a Yaba wanda bankin GTBank ya gyara a 2017. Shi Henry Carr ɗin babban jami'in ilimi ne na Legas da ya rasu a 1945, ya bar littattafai kusan 18,000, waɗanda da su aka kafa harsashin laburaren kwalejin jami'a ta Ibadan. Laburaren ƙasa ma yana da reshe a Yaba. Tun da jirgin ƙasa na jan layi, wato Red Line, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, mutumin Agege zai iya sauka a tashar Yaba ba tare da ya sha cunkoson Oshodi ba.

Abin da ya kamata shugabanninmu su riƙe shi ne laburare ma'aikatar gwamnati ce, da takarda take aiki. Shugaban reshe ba zai iya zuwa gaban na sama da shi ya ce yana son littattafan Hausa ba, sai yana da abin nunawa: sunaye a rajista, yawan masu zuwa, takardar buƙata mai sa hannu. Al'ummar da ba ta cikin rajista ba ta cikin lissafi ranar da ake raba kuɗi. Don haka aikin farko shi ne yin katin zama mamba. Galibi ana neman hoton fasfo biyu, a cike fom, a nuna katin shaida, yaro kuma babba ya tsaya masa. A tambayi kuɗin rajista a kan teburin karɓar baƙi, a biya a nan, a karɓi rasit. Gara a je a rukuni, mutum 20 ko 30 daga masallaci ɗaya a rana ɗaya, domin irin wannan zuwan ma'aikata ba sa mance shi.

Bayan kati sai takardar neman ɗaki. Shafi ɗaya ya isa, da Turanci, a faɗi abin da za a yi, mutum nawa, wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, har tsawon mako nawa, da sunan mutum biyu da za su ɗauki alhakin kujeru, tsafta da tashi a kan lokaci. Idan fadar Sarkin Hausawan unguwar ko kwamitin masallaci suka sa hannu da hatimi, takardar ta fi nauyi. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa a buga wa ɗayar hatimin an karɓa da kwanan wata, a dawo da ita gida. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: sun yi magana da baki da wani ma'aikaci mai kirki, ya ce babu damuwa, ranar farawa sai a tarar an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma bai san zancen ba. A kai takardar mako shida kafin ranar farawa, saboda sau da yawa reshe sai ya nemi izini daga hedikwata. Wanda ke son farawa a farkon Agusta, tsakiyar Yuni ne lokacinsa.

Game da zaman karatun yara, kada a haɗa ɗan shekara 5 da ɗan shekara 12 a tabarma ɗaya. Ƙaramin zai gaji, babban zai raina abin. A raba su biyu, 5 zuwa 8 da 9 zuwa 12, kowane rukuni kada ya wuce yara 25, da manya biyu, ɗaya yana karatu ɗaya yana kula da masu fita bayi da masu faɗa. Minti 45 ya wadatar: minti 10 na tatsuniya da baki, da gatanan gatananku da komai, minti 20 na karanta littafi mai hoto da babbar murya ana juya shafin yana kallon yaran, sauran lokacin kuma kowane yaro ya zana abin da ya ji ya rubuta jimla ɗaya a ƙasa. Kayan aikin ba su da yawa: tabarma uku, fensir 30, abin fiƙe fensir biyar, bandir ɗaya na farar takarda, da ruwan leda. Kada a raba biskit a cikin ɗakin. Ɓurɓushinsa ne ke kiran kyankyaso da ɓera, su kuma littafi suke ci, kuma shi ne abu na farko da zai sa ma'aikatan su janye izini. A raba a waje bayan an tashi.

Kafin a sa rana a zauna da malaman Islamiyya da na allo. Makarantar allo bisa al'ada Alhamis da Juma'a take hutu, Islamiyyu da yawa kuma da yamma suke yi ko Asabar da Lahadi da safe, shi ya sa safiyar Alhamis daga ƙarfe 10 zuwa 12 takan fi dacewa da kowa. Malamin da aka shawarta tun farko shi zai turo ɗalibansa da kansa. Wanda ya ji labari a bakin yara kuwa zai ɗauka kishiya aka yi wa makarantarsa.

Yaranmu da aka haifa a Legas da yawa suna jin Hausa, suna jin Yarbanci da Turancin buroka, amma ba su taɓa ganin Hausa a rubuce ba. Idan aka ba su littafi za su karanta c kamar yadda aka koya musu a Turanci, "ciki" ta koma "siki" ko "kiki", su kuma tsallake lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ kamar datti ne a takarda. A ware zaman farko don wannan kaɗai. A rubuta "kafa" da "ƙafa" a allo, "dauri" da "ɗauri", "bari" da "ɓari", a sa su faɗa da baki su ji bambancin da kansu. Cikin rabin awa suke kamawa, domin sautin yana bakinsu tun tuni.

Ajin manya shi ya fi buƙatar lura, kuma shi aka fi ɓatawa. Ɗan kasuwar Mile 12 da ke lissafin kwandon tumatir ɗari da ka, ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta bashi da ajami, ba za a zaunar da shi a ce masa jahili ba. Ranar da ya ji kalmar nan a bakin malami ba zai sake dawowa ba. Abin da ya rasa haruffan boko ne, kuma wanda ya iya ajami ya riga ya san cewa harafi sauti yake ɗauka, wasali kuma yana juya shi. Daga nan za a fara. A nuna masa wasula biyar, a, e, i, o, u, a haɗa su da baƙi ɗaya ɗaya, ba be bi bo bu, a riƙa rubuta ajaminsa a gefe a makonni uku na farko sannan a daina. Hannu ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, don haka a sa ɗigo ja a gefen hagu na kowane layi a littafin rubutunsa. Haruffa masu goyo irin su sh, ts, ky, gw da ƙw a bar su sai mako na huɗu. Kada a taɓa Turanci sai ya iya karanta gajeriyar wasiƙa da Hausa, domin a Hausa abin da aka rubuta shi ake faɗa, a Turanci kuwa harafi ɗaya yakan yi sauti uku, wanda aka haɗa wa biyun a lokaci guda zai rikice ya ɗora wa kansa laifi.

Abin karatun ya fito daga aljihun ɗalibin: rasit ɗin POS, saƙon banki na shigar kuɗi da fitarsu, takardar kayan da direban tirela ya kawo daga Arewa, sunayen unguwanni a jikin motar BRT. Mutumin da ya iya bambanta saƙon banki na gaskiya da na ƙarya a mako na shida, ba sai an roƙe shi ya zo mako na bakwai ba. Aji kada ya wuce mutum 15, zama biyu a mako, kowane zama awa ɗaya da rabi, na tsawon mako 12. Kowa da littafin rubutu mai warƙa 40 da fensir, ban da biro, don a iya gogewa.

Akwai wani abu da malamai matasa ba sa lura da shi. Mutum idan ya haura shekara 40 ganinsa na kusa yakan ragu. Za ka ga dattijo yana miƙa takarda nesa da fuskarsa, yana murtuke ido, bayan mako biyu ya ce kasuwa ta yi masa yawa. Ba ya ganin rubutun ne, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa a gaban yaran shagonsa ba. A buga takardun darasi da manyan haruffa, girman 18 ko 20 a kwamfuta, a zaunar da manya kusa da taga, a kuma gaya wa kowa tun ranar farko cewa tabaran karatu ba abin kunya ba ne. Jihar Legas tana da hukumar ilimin manya, kuma yana da kyau a sanar da ita ajin, ko ta taimaka da malami ko da takardar shaidar kammalawa.

Ajin mata daban, malama mace, da safe bayan an sallami yara an ɗora girki, a tashi kafin Azahar. A shimfiɗa tabarma a kusurwa don masu goyo, a samu yarinya babba ɗaya ta riƙe jarirai. A duba bayin wurin kafin a gayyaci matan mutane, a ga yana da ƙofa mai rufuwa da ruwa da buta. Kuma a fara samun mazajen ta hannun liman, in ba haka ba rajista za ta cika ranar farko, mako na biyu a ga mutum huɗu.

Ɗaliban da za su shiga ajin ƙarshe na sakandare su ne suka fi cin ribar kwamfutocin laburare. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da ya san amsa amma bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, minti goma na farko a neman inda zai danna suke tafiya. A nuna masa cewa da madannai kaɗai zai iya gamawa: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. A gargaɗe shi da kyau a kan S ɗin nan. Kowane ɗalibi ya yi gwaji cikakke na awa biyu aƙalla sau uku kafin hutu ya ƙare, da agogo a gabansa. A wannan zaman ne kuma ya kamata a duba lambar NIN ta kowa, tunda ba a rajistar JAMB sai da ita. Sunayenmu ana rubuta su iri-iri, Muhammad, Mohammed, Muhammadu, kuma idan sunan da ke NIN ya saɓa da na takardar makaranta, gyaran yana ɗaukar lokaci. A gano shi a Agusta ya fi a gano shi ana saura kwana uku a rufe rajista.

Wutar lantarki kuwa a yi mata lissafi tun kafin ranar. Kwamfutar cinya ɗaya tana jan kimanin wat 65, goma ke nan wat 650. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta takan kai wat 200, goma sun kai 2,000, ƙaramin janareton shago ba zai ɗauka ba, balle an haɗa da fankoki. A tambayi reshen ko yana da janareto ko sola, wa ke sayen mai, kuma a rubuta amsar a takardar izini. Kada a jona kwamfuta goma a wayar jona wuta ɗaya mai arha. Tana zafi ta narke.

Littattafan Hausa sai mun kawo da kanmu a karon farko, kuma ba wuya ba ne, tunda motocin Kano da Zariya kullum suna shigowa Legas. Amma gudummawar littafi tana da nata sharrin. Idan aka ce kowa ya kawo abin da yake da shi, tsofaffin littattafan makaranta da aka daina aiki da su za a tara, wasu da gara a ciki. A rubuta jerin abin da ake so tukuna: na yara masu hoto, tatsuniyoyi, ƙagaggun labarai, tarihi, ƙamus, littafin koyon ƙa'idar rubutu, a fara da kamar guda 150, na yaran kowanne kwafi uku. Wani babba ya karanta labaran soyayya kafin a ɗora su, a raba na manya da na yara. Duk littafin da ya fito daga gidan wani a ajiye shi a kwali daban na mako biyu, a kaɗa shi a kan farar takarda, idan gari ko ƙananan ƙwari suka zubo kada ya shiga cikin sauran. Littattafan addini masu ayoyi a roƙi a sa su a kanta ta sama, a yi wa ma'aikacin da ba Musulmi ba bayanin dalili cikin ladabi, za a ga ya kiyaye.

Littafin da ya shekara 20 lafiya a busasshiyar iskar Kano zai iya lalacewa a damina ɗaya a Legas. Yawancin littattafan kasuwar Kano da takarda mai araha ake buga su, a maƙale tsakiya da fin na ƙarfe. Laimar Legas tana sa fin ɗin ya yi tsatsa, tsatsar ta ci takardar, shafukan tsakiya su zube. Maganinsa a cire fin ɗin tun littafin yana sabo, a huda wuri uku a tsakiya, a ɗinke da zare mai ƙarfi, a sa wa bangon leda mai haske. Kada a liƙa yagaggen shafi da salatef, yana yin ja ya bar tabo, farin gam na takarda ya fi. Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako saboda gara, a ɗaga ta taƙi ɗaya daga ƙasa saboda ruwan da ke shigowa a Yuni da Yuli, a janye ta kaɗan daga bango iska ta riƙa wucewa. Littafin da ya yi fumfuna a fitar da shi waje, a buɗe shi a inuwa gaban fanka har ya bushe, sannan a kakkaɓe da busasshen buroshi mai laushi. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ƙara shigar da fumfunar yake cikin takarda.

Wani ƙaramin abu da ke ɓatar da littafi a cikin laburare: inda ake bin tsarin lambobi na Dewey, adabin Yarbanci yana ƙarƙashin 896, na Hausa kuwa yana 893.72, littattafan nahawu da ƙamus na Hausa kuma suna 493.72. Mai nema zai je wajen na Yarbanci ya duba ya ce babu. A roƙi a manna takarda a jikin kantar da Hausa da manyan haruffa. Kuma wani mai jin Hausa ya zauna da ma'aikacin da ke shigar da sunayen littattafan a rajista, don kada "Ƙ" ta zama "K" a wani wuri ta zama "Q" a wani.

Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, wadda aka fara a 2015, tana faɗowa cikin hutun, kuma ita ta fi dacewa a gayyato dattawan Zangon Agege su ba yara labarin fataucin goro da shanu, da zamanin da jirgin ƙasa ne hanyar zuwa gida, tunda layin dogo ya isa Kano tun 1911. Waɗannan labaran kaɗan ne aka rubuta, masu su kuma suna ta tafiya. Dattijo ɗaya ko biyu sun isa a zama ɗaya, minti 40 kowanne. A nemi izininsa kafin a ɗauki murya, a faɗi sunansa da kwanan wata a farkon ɗaukar, a ajiye wayar taƙi ɗaya daga bakinsa a kan tsumma, a kashe fankar da ke saitinsa, a zauna nesa da janareto. A ajiye sautin a wuri biyu a ranar. Mayar da hirar awa ɗaya zuwa rubutu yana cin awa biyar zuwa shida, aiki ne mai kyau ga 'yan sakandare, kuma idan an buga shi aka ɗinke, an samu sabon littafin Hausa a kantar.

Sanarwa ta bi hanyar da labari ke bi a cikinmu: liman bayan sallar Juma'a mako biyu a jere, saƙon murya na minti ɗaya da Hausa a zaurukan WhatsApp na unguwa da na kasuwa, da safiyar Alhamis lokacin tsaftar kasuwa, da shaguna ke rufe har ƙarfe 10 mutane suna tsaitsaye. A faɗi sunan tashar motar da za a sauka, a kuma faɗi ko akwai abin biya.

A kowane zama a buɗe littafin halarta, suna da shekaru da unguwa. Ranar 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, a miƙa wa shugaban reshen rahoto na shafi ɗaya: zama nawa aka yi, yara nawa, manya nawa, sabbin kati nawa aka yanka, littattafan Hausa nawa aka ara. A haɗa da buƙatar ci gaba da ajin manya har ya cika mako 12, da jerin littattafai 50 da ake so hukumar ta saya da kuɗinta. Wannan ma kwafi biyu, a buga wa namu hatimi.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman makaranta da na ajin manya,
Agege, Legas.